Kafin A Gama Wankan Jego: Yadda Jijiyoyin Idon Jariri Ke Haɗuwa

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga masu bibiyarmu daga Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, domin zancenmu na yau da ku zan yi misali.

Na san kin sha jin ana cewa jariri ba ya gani sai an yi arba'in. Shi ya sa idan mai jego ta ce idon ɗanta bai yi mata ba, amsar da take samu a ɗaki ita ce: "Ki bari ya ƙara kwana, ai idonsa bai gama buɗewa ba." A cikin maganar nan akwai ƙamshin gaskiya, don ganin jariri dishi-dishi ne a makonnin farko. Sai dai akwai haɗari a cikinta, domin waɗannan kwanaki arba'in da ake cewa a jira, a cikinsu ne wasu cututtukan ido ke buƙatar a yi musu aiki. Idan suka wuce, ko an yi aikin daga baya ba lallai gani ya dawo yadda ake so ba. Don ki gane dalili, sai mun leƙa bayan ido mun ga yadda ake ɗinka shi tun yaro yana ciki.

Ragar da ke bayan ido

Can a bangon ƙwayar ido ta ciki akwai wata shimfiɗa wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba. Likitoci na kiranta retina, Larabawa kuma suna ce mata shabakiyya, wato mai kama da raga. Mu ma bari mu kira ta ragar ido. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin dam ɗin Kazaure ya ga masunta na gyaran raga ya san cewa ƙarfinta yana wajen ƙulli. Zare komai kyansa, in ba a ƙulla shi da ɗan'uwansa daidai ba, kifi zai wuce. Haka ragar ido take.

A cikinta akwai ƙwayoyin da ke karɓar haske iri biyu. Masu siffar tsinke sun kai kimanin miliyan 120 a kowane ido, su ne ke aiki da magariba da cikin duhu. Masu siffar mazurari kimanin miliyan 6 ne, da su muke bambance launi, da su kike zura zare a allura. Waɗannan suna miƙa saƙo ga wasu ƙwayoyi na tsakiya, na tsakiyan su tace shi su miƙa ga na ƙarshe. Na ƙarshen kowace tana da dogon zare, zarurrukan ne ke haɗuwa su zama igiya ɗaya mai zare sama da miliyan 1, wadda ke fita ta bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Ita ce jijiyar gani. Ki lura, Bahaushe da jijiyar jini da jijiyar saƙo duk jijiya yake ce musu, to a nan ta saƙo nake nufi, in na zo kan ta jini zan faɗa.

Tun kimanin shekara 1,000 da suka wuce Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aiki a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje, sannan a fassara abin da aka gani a cikin kai. Wanda ya zana ƙwayoyin ragar ido ɗaya bayan ɗaya kuwa shi ne Santiago Ramon y Cajal, likita ɗan ƙasar Sifen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906. Shi ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi, kusantar 'yar'uwarta kawai take yi a wata 'yar mahaɗa inda saƙo ke tsallakawa. To tambayar ita ce, wa ke nuna wa miliyoyin ƙwayoyin nan wadda kowace za ta haɗu da ita?

Mataki na farko: kowa da adireshinsa

Ido yana fara tsirowa ne a cikin mako na huɗu da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Wasu 'yan ƙululu biyu ne ke bullowa daga jikin ƙwaƙwalwar ɗan tayi, su lotsa su zama kamar ƙoƙo. Ashe ke nan ragar ido yanki ce ta ƙwaƙwalwa da aka turo gaba don ta tari haske.

Ƙwayoyin da ake fara samarwa su ne masu dogon zaren nan. Kowane zare yana da kai mai 'yan yatsu da ke lalube yana tafiya, kamar yadda yaɗon kabewa ke neman danga. Cajal ne ya fara ganin wannan kai a 1890 a jikin ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba. A kan hanya akwai sinadarai, wasu na jan zaren, wasu na korarsa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai mararraba inda jijiyoyin idanu biyu ke gamuwa, kamar inda hanyar Roni ta rabu da titin Kano zuwa Daura. A nan kusan rabin zarurrukan kowane ido ke tsallakawa ɗaya ɓangaren, sauran su miƙe a ɓangarensu.

Wani masani ɗan Amurka, Roger Sperry, ya gwada wannan a shekarun 1940. Ya yanke jijiyar ganin kwaɗo, ya juya ƙwayar idon sama ta koma ƙasa, ya bari jijiyar ta sake tsirowa, abin da jikin kwaɗo ke iyawa amma na mutum ba ya iyawa. Da kwaɗon ya warke, in ƙuda ya gifta ta sama sai ya kai cafka ƙasa, kuma har abada bai gyara ba. Kowane zare ya koma ainihin gurbinsa na dā, bai damu da cewa an juya idon ba. Daga nan Sperry ya ce lallai kowace ƙwaya tana ɗauke da wata alama ta sinadari, tamkar adireshi. A 1995 masu bincike a Jamus da Amurka suka gano wasu daga cikin sinadaran, waɗanda ake kira efrin. Suna da yawa a gefe ɗaya, suna raguwa sannu a hankali zuwa ɗaya gefen, don haka zare yana gane inda zai tsaya daga yawan sinadarin da ya tarar. A cikin ragar kanta ma akwai wasu sinadarai masu kama da danƙo da ke sa ƙwayoyin da suka dace su manne da juna a hawa ɗaya.

Mataki na biyu: gwaji a cikin duhu

Adireshi yana kai baƙo unguwa ne, bai cika kai shi ƙofar ɗaki ba. Don haka jiki yana samar da zarurruka fiye da kima. Wajen wata na huɗu na ciki, jijiyar ganin ɗan tayi tana da zare sama da miliyan 3. Kafin haihuwa kusan kashi biyu cikin uku sun mutu. Manomin gero a Gwiwa ya san wannan aiki: ana zuba iri da yawa a rami, in ya tsiro a zo a cire, a bar masu ƙarfi.

Yaya ake gane wanda za a bari alhali yaro yana cikin duhun mahaifa, fatar idonsa ma a manne take har wajen wata na shida? A 1991 Carla Shatz da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ba da amsa. Sun auna ragar idon 'ya'yan dabbobi da ba su fara gani ba, suka tarar ragar tana kunna kanta da kanta. Saƙo yakan tashi daga wani gefe ya ratsa maƙwabta, kamar yadda iska ke kaɗa gonar dawa, ya lafa, can kuma ya sake tashi daga wani gefen. Ƙwayoyin da ke kusa da juna suna aika saƙo lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa kuwa tana ƙarfafa mahaɗar da saƙonninsu ke isowa tare, tana sakin wadda ta saɓa. Da haka taswirar ido ke kwantawa a ƙwaƙwalwa, saƙon idon dama ya ware daga na hagu, tun yaro bai ga hasken duniya ba.

Mataki na uku: sai da haske

Ranar da aka haihu aikin bai ƙare ba. Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nesa da shi da kamar santimita 20 zuwa 30, wato daidai tsakanin ƙirjin uwa da fuskarta lokacin shayarwa. Tsakiyar ragar ido, inda gani ya fi kaifi, ba ta gama nuna sai yaro ya kai wajen shekara 4. A duk tsawon wannan lokaci, abin da ido ke gani shi ne ke zaɓen mahaɗar da za ta zauna.

David Hubel da Torsten Wiesel na Jami'ar Harvard sun nuna haka a farkon shekarun 1960. Sun rufe ido ɗaya na 'yar kyanwa a watanninta na farko. Da suka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma kyanwar ba ta gani da shi, saboda buɗaɗɗen idon ya mamaye gurbin da ya kamata su raba a ƙwaƙwalwa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1981, ya kuma sauya yadda likitoci ke kula da idon yara a duk duniya. Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idanun yaro biyu kishiyoyi ne a wajen ƙwaƙwalwa, wadda ba ta kawo saƙo mai kyau da wuri ba za a ba wa ɗayar ɗakinta.

Abin da wannan ke nufi a ɗakinki

Na farko, yanar ido ta haihuwa. Mun saba ganin yana a idon tsofaffi, kuma tsoho ko ya shekara biyar da ita, in aka cire zai gani, domin ƙwaƙwalwarsa ta riga ta koyi gani. Jariri bai koya ba. Likitocin ido sun fi son a cire yanar da ke ido ɗaya kafin yaro ya wuce mako 6, in a ido biyu take kuma kafin ya wuce wajen mako 8 zuwa 10. Mako 6 kwana 42 ke nan. Ki lissafa ki gani, in aka ce sai kin gama wanka kin koma ɗakinki sannan a duba, lokacin ya riga ya ƙure. Ɗaya daga cikin masu jawo wannan yana ita ce rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus, idan ta kama mace a watanni ukun farko na ciki. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ya gano haka a 1941.

Na biyu, fari a tsakiyar baƙin ido. Idan kin ga wani fari ko ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ko a hoton waya ido ɗaya ya fito fari, kada ki kwana biyu kina shawara. Yana iya zama yana, yana kuma iya zama sankarar ragar ido, wadda ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. In an tare ta da wuri ana warkewa, in an bari tana bin jijiyar gani ta shiga kai ta yi kisa.

Na uku, harara-garke. A watanni ukun farko idon jariri kan ɗan karkace jefi-jefi ya dawo. Amma idan ido ɗaya a karkace yake kullum, ko karkacewar ta ci gaba bayan wata 4, a kai shi a duba. Kada ki yarda da "gado ne, haka kakansa yake". Ƙwaƙwalwar yaro ba ta son ganin abu biyu-biyu, sai ta yi watsi da saƙon karkataccen idon, a hankali idon ya zama rago. Maganin sau da yawa tabarau ne, da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi a rana don a tilasta wa ragon aiki, wani lokaci da tiyata. Ya fi ci kafin shekara 7. Kai maigida, in likita ya rubuta wa ɗanka ɗan shekara uku tabarau, kada ka ce ya yi ƙanƙanta ko za a yi masa dariya. Tabaran ne ke kai wa ƙwaƙwalwarsa hoto mai kyau a lokacin da take ɗinki.

Na huɗu, bakwaini. A nan maganar jijiyoyin jini ce. Suna fara yaɗuwa a ragar ido wajen mako na 16 na ciki, daga tsakiya zuwa gefe, ba sa kaiwa ƙarshe sai dab da cikar wata tara. Yaron da ya zo da wuri ya fito da aikin a rabi. Iskar oksijin da ake ba shi a kwalba tana ceton ransa, amma in ta yi yawa ba a auna ba, jijiyoyin kan tsaya, daga baya su yi tsiron banza, su ja ragar su ɓamɓare ta. An fara bayyana cutar a Boston a 1942, kuma ita ce ta makantar da mawaƙin nan na Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950. Daga waje ba a ganin komai, idon tas yake. Saboda haka duk jaririn da aka haifa da saura makonni da yawa, ko mai ƙarancin nauyi sosai, musamman wanda ya kwanta a kwalba, ki tambaya tun kafin a sallame ku: yaushe likitan ido zai duba bayan idonsa? Dubawar farko kada ta wuce kwana 30 da haihuwa.

Abinci, rigakafi da tozali

Ƙwayoyin da ke karɓar haske da sinadarin bitamin A suke aiki. In ya yi ƙaranci, masu siffar tsinke ne ke fara gazawa, shi ne dundumi: yaro na wasa lafiya da rana, magariba na yi sai ya riƙa tuntuɓe ko ya rakuɓe wuri ɗaya. In abin ya yi nisa, baƙin ido kan bushe ya yi gyambo ya bar hakiya, kuma ƙyanda ita ce babbar mai ingiza yaro cikin wannan hali. Kada ki zubar da dakashi, yana cike da bitamin A. Ki ba da nono zalla wata 6. Bayan nan a sa wa yaro zogale, alayyafo, kabewa, karas, manja, ƙwai, hanta, da mangwaro ko gwanda a lokacinsu, duk akwai su a kasuwannin Kazaure da Babura. A kai shi allurar ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. Ɗigon bitamin A da ake bai wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara a makon lafiyar mata da ƙananan yara, kyauta ne, kada a bari ya wuce.

Sai maganar da na san za ta jawo mini ƙorafin iyayenmu mata: tozali. Yawancin kwallin dutse da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma kuwa jijiyoyi masu tasowa take lalatawa, ba mu manta da abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Hajiya kaka, a yi haƙuri a ɗaga wa jariri ƙafa, kyan idonsa ba zai ragu ba. Haka nan kada a ɗiga masa ruwan ganye, ruwan sikari, fitsari ko ragowar maganin wani. Idan idon jariri ya kumbura yana zubar da ruwa mai kauri kamar mugunya a watan farko, asibiti za a nufa a ranar.

Gwajin da za ki iya yi yau

Ki zauna inda haske yake, ki ɗauki jaririn fuska da fuska. Ki duba tsakiyar baƙin idonsa, ya kamata ya zama baƙi wuluk a duka biyun, girmansu ɗaya. Zuwa mako 6 ko 8 ya kamata ya riƙa kafa miki ido, ya fara mayar miki da murmushi. Zuwa wata 3 ya riƙa bin fuskarki ko wani abu mai launi in kin gusa da shi. Ki lura ko idanun na rawa ba tsayawa. In ya ɗan tasa, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ɗayan. Yaron da bai damu ba in an rufe na hagu amma ya yi ta fizge-fizge in an rufe na dama, yana gaya miki na hagun ba ya gani sosai. Babban ido mai yawan hawaye da gudun haske shi ma abin kaiwa asibiti ne, ko da ana yaba shi da dara-daran idanu.

In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Kazaure ko na Babura, ki faɗi abin da kika gani dalla-dalla, ki nemi takardar turawa wajen likitan ido. Aikin idon jarirai sai manyan cibiyoyi. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943, da Asibitin Ido na Makkah, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce, mutanen Roni da Gwiwa su ƙara ɗan lokaci kaɗan, na Babura kuma su biyo ta Kunya.

Na san kuɗin mota da na asibiti ba wasa ba ne a wannan zamani, na kuma san fitar mai jego kafin arba'in abu ne da sai an kai ruwa rana a gidaje da yawa. Shi ya sa nake roƙon maigida da uwar miji da ungozoma su ma a karanta musu wannan. Wanka ana iya ci gaba da shi bayan an dawo daga asibiti. Ranar suna, da ake miƙa jariri hannu-hannu ana sa albarka, a samu mutum ɗaya ya kai shi bakin ƙofa wajen haske ya dubi idanunsa da kyau.

Ina jiran ra'ayoyinku da tambayoyinku a ƙasa. Musamman ina son jin ta bakin iyayen da suka taɓa rainon bakwaini ko yaro mai harara-garke: a wata nawa kuka lura, kuma me ya taimaka muku? Amma don Allah kada a sa sunan yaro ko hotonsa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiya. Sai mako mai zuwa.